Wasa Ƙwaƙwalwa: Mahaukacin Kare Mai Zaƙi

 Tambayar da muka bar muku a makon jiya ta tayar da ƙura, don haka yau ba za mu zana akwatuna ba, zama za mu yi mu warware zare da abawa. Ga tambayar, saboda waɗanda jaridar ba ta kai gare su ba:

Mu da su gardama ce (4)

Yawancin amsoshin da suka iso mana daga makarantun Birnin Kudu da Gwaram cewa suka yi FAƊA. Harafi huɗu ne, kuma faɗa ɗan uwan gardama ne, to mene ne laifinsa? Laifinsa shi ne ya bi rabin tambayar ya bar rabi. Amsar ita ce MUSU. Ku ɗauki MU, ku liƙa masa SU, kun sami kalmar da ke nufin gardama. Wasu da suka ji amsar sun ce wannan ai zamba ce. Wata ɗaliba kuma ta rubuto cewa dama wasan Turawa ne, Hausa ba za ta iya ɗaukarsa ba. Maganar zamba mai sauƙin amsawa ce. Ta biyun ce ta tsaya mana a rai, domin mu a ganinmu Hausa za ta ɗauki wasan nan har ta ƙara da goyo, muddin an bar ta ta yi shi da nata ƙa'idojin.

Gaskiya ne ba a nan aka haifi wasan ba. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga wasan cike akwatuna a jaridar New York World ta Amurka, ranar 21 ga Disamba, 1913. Nasa tambayoyin kai tsaye ne: a ba ka ma'ana, ka kawo kalma. Mutanen Ingila ne suka sa lauje cikin naɗi. Daga 1926 Edward Powys Mathers ya riƙa ɗana tambayoyi masu murɗiya a jaridar Observer, ya kuma laƙaba wa kansa suna Torquemada, sunan wani alƙalin coci na ƙasar Sifen da ya yi ƙaurin suna wajen gana wa mutane azaba. Daga sunan kun san irin tambayoyin. Bayan rasuwarsa a 1939 sai Derrick Macnutt, wani malamin sakandare, ya gaji kujerar da laƙabin Ximenes, kuma a 1966 ya fitar da littafin da ya shimfiɗa ƙa'idojin adalci tsakanin mai ɗana tambaya da mai warware ta. Har yau da su ake auna masu wannan sana'a.

Ƙa'idar da ta fi kowace ita ce wannan: kowace tambaya hanya biyu ce zuwa gida ɗaya. Hanya ta farko ma'ana ce, irin wadda za ku gani a ƙamus, kuma kusan kullum tana zaune a farkon jimlar ko a ƙarshenta. Hanya ta biyu dabara ce, wato umarnin yadda za a gina kalmar harafi bayan harafi. Lambar da ke cikin baka tana faɗa muku yawan haruffa. Mai ɗana tambaya yana da damar ya ɗauke muku hankali, ya sa jimlar ta yi kama da wani labari daban, amma ba shi da damar yi muku ƙarya, kuma ba shi da damar cusa kalmar da ba ta da aiki. A tambayar makon jiya, "gardama" ita ce ma'ana, "mu da su" ita ce dabara. FAƊA ya bi hanyar farko ya isa, amma a hanya ta biyu ya ɓace. MUSU ne kaɗai ya bi duka biyun.

A nan ne wasan ya rabu da kacici-kacicin da muka taso muna yi a dandali. Idan aka ce "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", ko dai ka taɓa jin cewa tsintsiya ce, ko ka yi ta lalube har ka gaji ka ba da gari. Mai tambaya ne alƙali, abin da ya ce shi ne amsa, ko da ka kawo wani abin da ya dace da siffar. A wannan wasan kuwa, idan ka samo amsa ba ka buƙatar kowa ya tabbatar maka. Haruffan da kansu ke ba da shaida.

To, bari mu buɗe jakar mai ɗana tarko. Abu na farko a ciki shi ne hargitsa haruffa:

Mahaukacin kare mai zaƙi (4)

Kada ku tafi neman karen da ake lasa. Duk inda kuka ga kalma irin su "mahaukaci", "ya rikice", "a birkice", "ya watse" ko "an dama", ku yi zargin ana so ku watsa haruffan kalmar da ke kusa da ita ku sake jera su. K, A, R, E idan suka haukace sai su zama RAKE, kuma rake mai zaƙi ne. Ga wata da muke jin za ta taɓa zuciyar 'yan aji shida:

Karatu ya rikice, matsi ke nan (6)

Haruffan KARATU suna ba da TAKURA. Amma ku lura, suna kuma ba da TURAKA, ɗakin maigida. Me ya raba gardama? Ma'anar da ke ƙarshen jimlar. Turaka ba matsi ba ce. Shi ya sa tambayar da ba ta da ma'ana a gefe guda gurguwa ce, ko wa ya ɗana ta.

Dabara ta biyu ita ce ɓoye kalma a bainar jama'a:

A cikin Gwaram akwai ganyen kwaɗo (4)

Wanda ya karanta da gaggawa zai fara lissafa ganyayen da ake sayarwa a kasuwa, zogale da tafasa da sauransu, ko ma ya ɗauka kwaɗon ruwa ake nufi. Amsar tana gabansa a rubuce. "A cikin" ishara ce cewa a leƙa cikin kalmomin da ke biye. Ku haɗe "Gwaram akwai", ku ɗauki haruffa uku na ƙarshen Gwaram da na farkon akwai: RAMA. Irin wannan ita ce mafi sauƙin tambaya kuma mafi ban haushi, domin bayan ka sha wahala sai ka ga tun farko tana kallonka. 'Yar uwarta ita ce "Ita ce makamashin girki (5)", inda ba abin da ake so sai ku share tazarar da ke tsakanin kalmomi biyun farko ku sami ITACE.

Ana kuma cusa kalma cikin wata, kamar a "Sa a cikin mara, a gasa da damina (6)". Jimlar ta yi kama da umarnin uwa a madafi, amma SA ne zai shiga tsakiyar MARA a sami MASARA. Ana yanke wa kalma kai ko wutsiya: "Gwamma a yanke wa maƙwabciyar Birnin Kudu wutsiya (5)". Gwaram ba M, GWARA ke nan, wato gwamma. Mutanen Gwaram ku yi haƙuri, ku ma kuna iya ramawa.

Akwai wata al'ada ta masu ɗana tambaya da ta zauna wa Hausa daram. "Shugaban" kalma shi ne harafinta na farko. Shugaban makaranta M ne, farkon damina D ne, ƙarshen mako O ne, tsakiyar rana kuma AN. Da wannan a hannu, ku duba:

Shugaban ƙasa, gwada soyayya (5)

Babu ruwan tambayar da Abuja. Shugaban kalmar "ƙasa" shi ne Ƙ, gwada kuma AUNA ne, a haɗe ƘAUNA. Waƙafin da ke tsakiya yaudara ce da ƙa'ida ta halatta. Kada ku taɓa yarda da alamomin rubutu a wannan wasa.

Yanzu ga inda Hausa ta fi ƙarfi. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Garin da mutane ke zaune da garin da ake tuƙa tuwo, a baki daban suke, kunnen Bahaushe ba ya haɗa su, amma a takarda G, A, R, I ne duka. Malaman harshe suna ganin wannan a matsayin giɓi a rubutu, baƙon da ke koyon Hausa kuma yana shan wuya da shi. Ga mai ɗana tambaya kuwa, taska ce. Yana iya jera ma'ana biyu kawai, ba tare da wata dabara ba, ya bar ku ku nemo kalmar da ke ɗauke da su duka:

Birni daga injin niƙa (4)

Daji a rumbu (4)

Zubar da hawaye a miya (4)

GARI, DAWA, KUKA. Ku ɗauki takarda ku fara jera irin waɗannan kalmomi, za ku ga ba su ƙarewa. Fari launi ne, kuma rashin ruwan sama ne. Rama ganye ce, ramuwar gayya ce, kuma zubewar jiki ce. Tafi na hannu ne, kuma umarni ne. Sara aikin gatari ne, aikin maciji ne, kuma gari ne mai kasuwa a ƙasar Gwaram. Turanci yana da irin waɗannan, amma yana kuma da kishiyar namu: kalmomin da ake furtawa iri ɗaya a rubuta daban. Wannan dabarar ba za ta yi mana amfani sosai ba, tunda mu yadda muke faɗa haka muke rubutawa, don haka mun ajiye ta gefe.

Wata dabarar da ba za mu kwaso yadda take ba ita ce juya kalma. Bature yana karanta kalma daga ƙarshe zuwa farko, harafi-harafi, ya sami wata. Ku gwada da Hausa: GARI zai zama IRAG. Ba za ta yiwu ba, domin kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, in ban da 'yan kaɗan irin su mutum da malam. Amma wa ya ce sai harafi-harafi? Duk wanda ya taɓa yin zaurance don kada manya su gane hirarsa ya san cewa Bahaushe gaɓa-gaɓa yake wasa da kalma. Wani zaurancen cusa gaɓa ake yi, "zo mu tafi" ta koma "zodo mudu tadafidi". Wani kuma musanya gaɓoɓin ake yi, ta ƙarshe ta dawo farko. Wannan na biyun shi ne juyinmu. A wannan fili, duk inda kuka ga "ya juya" ko "ya koma da baya", gaɓoɓi ake nufi:

Gari ya juya, a saka a jiki (4)

GA-RI ya koma RI-GA. Haka BARA ke komawa RABA, WASA ya koma SAWA, MATA su koma TAMA, dutsen da maƙeran da ke narkawa su fitar da ƙarfe. Ba mu aro wannan daga Ingila ba, a zauren gidanmu muka same shi.

Juyin nan ne ya kai mu ga maganar da muke so ku riƙe da kyau, wato maganar ƙugiya. DAKA, na turmi da taɓarya, idan ya juya KADA ne, dodon kogi. ƊAKA kuwa idan ya juya KAƊA ne, abin da ake yi wa ganga, kuma abin da ake yi wa duwatsun nan masu amo na Birnin Kudu, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a 1956. KASA yana ba da SAKA, ƘASA tana ba da SAƘA. Kalmomi takwas ke nan, kuma abin da ya hana su cakuɗewa ɗan lanƙwasa ne a kan harafi. Da yawanmu mun saba rubutu a waya ba tare da ɓ da ɗ da ƙ ba, muna cewa ai za a gane. A hira da aboki ana ganewa. A cikin akwati ba a ganewa, domin akwati ba shi da jimlar da za ta taimaka. Wanda ya ɗana mana "Tumaki sun watse, ga direba (6)" yana nufin MATUƘI, za mu mayar masa da kayansa, saboda babu Ƙ a cikin tumaki. Haka mai duba takardar Hausa a jarrabawar WAEC ko NECO ba zai ɗauki baki a matsayin baƙi ba. K da Ƙ haruffa biyu ne daban, kamar yadda B da T suke daban.

Sai baƙaƙe masu goyo, irin su sh, ts, gw da ky. A aji an koya mana cewa kowannensu sauti ɗaya ne, kuma haka ne. To a akwati ɗaya za su zauna ko biyu? Mun yi ta muhawara a kan wannan da abokan karatunmu a jami'a, wasu suna ganin raba sh gida biyu cin zarafin nahawu ne. Mu dai a wannan fili mun yanke cewa kowane harafi da akwatinsa: SHINKAFA takwas ce, GWARA biyar. Dalilinmu na aiki ne. Kalmomin kwance da na tsaye suna ratsa juna, kuma idan aka kulle S da H a ɗaki ɗaya, sai kalma mai sh kaɗai za ta iya ratsawa ta wurin, zanen akwatunan ya yi wuyar haɗuwa. Harafin 'y, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa ƴ, shi akwati ɗaya ne. Wanda bai gamsu ba ya rubuto mana hujjarsa, za mu buga. Idan kuma gardama ta tashi a kan ko wata kalma Hausa ce, alƙalanmu biyu ne: ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Ga mai farawa, shawararmu ita ce ya karanta tambaya sau ɗaya don jin daɗin labarinta, sannan ya manta da labarin. Ya rufe rabin jimlar da yatsa ya tambayi kansa: ma'anar tana farko ne ko ƙarshe? Ya nemi kalmar ishara, irin su "a cikin", "ya juya", "ya rikice", "shugaban". Ya ƙirga haruffan kalmomin da ke kusa da ita, domin idan amsa harafi shida ce kuma ga kalma mai harafi shida kusa da "ya rikice", magana ta kusa ƙarewa. Idan ta ƙi, ya bar ta ya tafi wata, haruffan da suka ratso daga sauran amsoshi za su buɗe ta. Wannan ɗabi'a ta tsayawa a kan kowace kalma ita ce ke ceton ɗalibi a zauren jarrabawa ranar da aka soke ɗan "ban da" a tsakiyar tambaya, rabin aji suka tsallake shi.

Kada kuma ku ɗauka ɗana tambaya aikin manya ne kawai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani shugaban makarantar sakandare a Ingila mai suna Leonard Dawe shi ke shirya wa jaridar Daily Telegraph wasan. A watan Mayu da farkon Yunin 1944, sai kalmomin Utah, Omaha, Overlord, Mulberry da Neptune suka riƙa fitowa a matsayin amsoshi, ɗaya bayan ɗaya. Duka biyar sunayen sirri ne na shirin da sojojin ƙawance ke yi na tsallakawa Faransa, wanda aka ƙaddamar ranar 6 ga Yuni. Jami'an leƙen asiri suka dira a makarantar suka titsiye malamin, suna zargin yana aika wa Jamus saƙo ta cikin jarida. Ba su same shi da laifi ba. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa malamin yakan ba ɗalibai zanen akwatunan su cike da kalmomi, shi kuma ya ɗana musu tambayoyi, kuma yaran sun tsinci kalmomin ne a bakin sojojin Amurka da Kanada da ke da sansani kusa da makarantar. Shekarar yaron 14 a lokacin. Wannan jaridar dai ita ce a 1942 ta shirya gasar warware wasan cikin minti 12, daga baya hukumar yaƙi ta nemi wasu daga cikin waɗanda suka shiga don aikin fasa saƙonnin sirri a Bletchley Park.

Mu ba mu da sirrin soja, amma muna da sunayen garuruwa da ke jiran mai ɗana su: Babaldu, Kantoga, Sundimina, Basirka, Farin Dutse, Kila. Kowane aji ya zaɓi ɗaya ya ɗana mana tambaya mai hanya biyu, da ƙugiyoyinta cif, ya rubuta amsar da bayaninta a bayan takardar. Wadda ta fi za ta shiga akwatunan mako mai zuwa da sunan makarantar. Kafin nan, ga takwas:

1. Ke da ke a kan taya biyu (4)
2. A cikin Birnin Kudu ma akwai abin da ake fafewa a yi ƙwarya (4)
3. Shugaban makaranta da inna a kan tuwo (4)
4. Wahala tsakanin kai da kafaɗa (4)
5. Sara ta juya, an kasa samu (4)
6. Ni a cikin saya: an zana ta a Dutsen Mesa (6)
7. Saurari mamaci a ƙasa mai rairayi (6)
8. Miƙa wa ɗan sarkin Barno gari a ƙasar Birnin Kudu (7)

Ku aiko da amsoshinku ta adireshin da ke ƙasan shafi kafin ranar Laraba, kowace amsa da hujjarta. Wanda ta takwas ta gagara ya ba mu gari, amma ya sani Dutse ba ta isa ba, sai Kano.